Gyalena da Injin Goge Motar Baffa

Shekarun baya, ba masu yawa ba, don har yanzu in na shafa wuyana ina jin wurin, wani abu ya same ni a ƙofar gidanmu a Rano wanda ban taɓa ba da labarinsa daga farko har ƙarshe ba. A gida an ce magana ta wuce. To, a wurinsu ta wuce. Ni dai yau zan faɗa muku yadda aka yi, ku yi min alƙalanci.

Shekarar da Turawa suke ta ɗaure kayansu ce, ana shirin karɓar mulkin kai. Ina aji uku a makarantar 'yan mata ta kwana a birni, na dawo gida hutu damina na ƙarewa. A gidanmu baffana, yayan mahaifina, shi ne babba, abin da ya ce shi ake yi. Mahaifina mutum ne mai sanyi, ko gyaran murya yayansa ya yi sai ka ga ya gyara zama. Da izinin baffa na shiga makaranta, kuma kowa ya san da kalma ɗaya zai iya fitar da ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, "uwata" yake ce min.

Baffa sayen gyaɗa yake yi. A wannan shekarar ya sayi mota a hannun wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu. Ba wata motar a zo a gani ba ce. 'Yar ƙarama ce, koriya, ta sha rana da hanyoyin ƙauye har fentinta ya koɗe ya koma kamar miyar kukar jiya. Amma a unguwarmu ba wanda ya riga shi, don haka in ya fito sallar asuba sai ya zagaya ta ya shafa kafin ya wuce masallaci. A cikin but ɗin motar aka tarar da wani akwatin katako, a ciki akwai wani ƙarfe mai hannu biyu da doguwar waya da faifan roba a ƙasansa, da wata hula ta fatar tunkiya mai laushin gashi, da gwangwanin mai, da ɗan littafi na Turanci. Aka yi ta musu a zaure. Wani ya ce na aski ne, wani ya ce na niƙa ne. Sai baffa ya ce a kira masa uwarsa, ai saboda irin wannan ranar aka kai ta boko.

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na durƙusa a bakin zaure na fara karantawa da Turanci da ƙarfi, alhali na san ba mai jin ko kalma ɗaya, don dai su ji yadda harshena yake karyawa. Sai da baffa ya ce, "Uwata, mu Hausa muke ji," sannan na sauko ƙasa.

Injin goge mota ne, da wutar lantarki yake aiki. Littafin na masu koyo ne, ya bi abin dalla-dalla. Ya ce a fara wanke motar tas da ruwa da sabulu a bar ta ta bushe, domin ko ƙwayar yashi ɗaya ta rage injin zai ja ta ya yi ta zana fenti da ita. A yi aikin a inuwa, sai ka ɗora tafin hannu ka ji jikin motar da sanyi. A sa wa faifan hular, a ɗiga mata mai kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa uku ko huɗu. A kwantar da faifan daidai, kar a danna, nauyinsa ya isa, a riƙa tafiya da shi a hankali ba tsayawa, don in ya daɗe a wuri ɗaya zafi yake yi ya cinye fentin. A kiyayi gefe-gefe da wurin lanƙwasa, can fenti ba shi da kauri. Mai koyo ya fara daga ƙasan baya inda ido ba ya zuwa, ya yi ɗan wuri kamar faɗin faifan tuwo, ya share da tsumma mai laushi ya duba, sannan ya matsa gaba. A ƙarshe ya ce kar mai sakakkun tufafi ya kusanci injin yana juyawa. Wannan ma da bakina na karanta na fassara. Ku riƙe shi, don ba na so a ce na rage laifina.

Direban baffa yana tsaye a jikin bango yana sakace. Dattijo ne, ya daɗe yana jan manyan motoci zuwa kudu kafin ya dawo gida, kuma na ga alamar abin bai yi masa daɗi ba, a ce yarinya ce take karanta masa aikin mota. Da na gama sai ya ce tun ba a haife ni ba yake wanke mota, amma ba komai, tunda yanzu an samu Malama a gida. Daga ranar ya sa min Malama, ba don girmamawa ba.

Rano ba lantarki, don haka aka mayar da akwatin. Bayan kamar mako guda sai ga motar majigi, mai yawon nuna silima, ta zo gari, kuma aka sauki mai majigin a zaurenmu. Tana tafe da injin wutarta. Baffa kuwa jibi yana da suna a Kibiya, 'yarsa ta fari ta haihu, kuma yana so ya shiga garin surukansa da mota tana walƙiya. Ya roƙi baƙon, baƙon ya ce da hantsi zai tayar masa da injin.

Tun daga farko komai ya tafi a karkace. Wayar ba ta kai inuwar darbejiyar da ake ajiye motar ba, sai aka turo ta tsakiyar rana. Maganar wanki kuwa, direba ya ce wa zai wanke abin da za a shafa wa mai, ai ɓarnar ruwa ce. Ya sa tsumma ya karkaɗe jar ƙasar sama-sama. Baffa ya sa na tsaya a gefe da littafin ko za a buƙace ni, shi kuma ya zauna a tabarma a bakin zaure da abokansa. Maza sun cika ƙofar gidan. Saboda kunyarsu, kuma hannuwana suna riƙe da littafi, na naɗe gyalena sau biyu a wuya don kar ya zame, na bar bakinsa ɗaya yana lilo a gabana.

Na ce a hankali, "Baba direba, an ce a inuwa, kuma sai an wanke."

Bai ko juyo ba. Ya ce, "Malama, Baturen da ya rubuta littafin nan yana Rano?"

Aka yi dariya. Ya zura yatsu huɗu a gwangwanin ya kwaso mai ya yaɓa a kan bonet, murfin gaban motar, kamar mai yaɓen ɗaki. Kuma a tsakiyar bonet ɗin ya fara, inda kowa zai ga gwanintarsa. Da injin ya ɗauka ya ɗan tsorata, mai ya fantsama a rigunan na kusa, sai ya kwanta a kansa da ƙirji ya danne. Gaskiya da farko wurin ya yi sheƙi, koren ya fito kamar sabo, mutane suna ta Masha Allah. Sai ya zo kan wani tabo da kashin tsuntsu ya bari. Ya goga bai fita ba, sai ya kafa injin a wurin ya tsaya, yana cije baki. Na ce masa an ce kar a tsaya. Ƙarar injuna biyu ta haɗiye muryata, ko kuma ya ga dama ne bai ji ba. Can sai na ji ƙauri. Da ya ɗaga faifan na ga wurin: zagaye kamar bakin ludayi, koren ya tafi, toka-toka ya fito, a tsakiya har farin ƙarfe. Na gani, shi ma ya ga na gani. Ya yi maza ya jefa tsumma a kai. Waɗanda suka ja baya saboda fantsamar mai ba su lura ba, baffa kuwa daga zaune ba ya hangen saman bonet.

Sai ya kira ni, da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce in matso in duba masa ko littafin ya faɗi yadda ake yi da tabo. Ban ce da gangan ya yi ba, Allah ne masanin zuciya. Ina jin magani yake nema kafin mai mota ya miƙe. Ni ma tausayinsa na ji, kuma wataƙila da ɗan daɗin ganin yau ya buƙaci Malama. Na matso na sunkuya ina buɗe shafi. Injin yana hannunsa yana juyawa, bai kashe ba.

Ban ga lokacin da ya kama bakin gyalen ba. Ji kawai na yi an fizge ni ta wuya kamar akuyar da aka ja da igiya, goshina ya daki jikin motar, na zube a gwiwa. Injin ya ƙwace daga hannunsa, ƙarfensa ya kartsa bonet tun daga tsakiya har bakin fitila, ya faɗo kusa da kunnena yana ta naɗe gyalen. Naɗin nan biyu da na yi don kunya suka zama tarko. Na sa yatsu in ja, ba wurin shigar yatsa. Na so in yi salati, ba iska. Idona ya fara ganin ja, sannan baƙi. Mai majigi ne ya kashe injin wutarsa, ya sheƙo ya zaro wuƙa ya yanke gyalen.

Ina kwance a ƙasa, kumatuna a kan tsakuwa, ina jan numfashi kamar zakaran da wuƙa ba ta gama da shi ba. Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Na ga sun taso gaba ɗaya, masu takalmi da marasa takalmi, na ji ana ta innalillahi. A raina na ce sun zo. Sai na ga ƙafafun suna raba ni suna wucewa. Wani ma tsallake ni ya yi. Motar suka kewaye. Salatin nan duk na bonet ne. Baƙon nan da ya kwana ɗaya a garinmu, wanda bai san ko 'yar waye ni ba, shi kaɗai ya tsuguna ya ce a kawo ruwa, kuma sai da ya faɗa sau uku.

Ina nan kwance na ji direba yana bayani. Ya ce aiki yana tafiya lafiya, kowa shaida ne an ga sheƙi, sai yarinyar nan ta cusa kai ta faɗo a kan injin, ga abin da ta jawo. Ya ɗage tsumman ya nuna ƙunar tare da kartar, ya haɗa su ya ɗora min. Na buɗe baki in ce ƙarya ne, ba abin da ya fito sai wata iska. Muryata ta tafi. Mai majigi yana wajen injinsa lokacin da aka ƙona fentin, bai gani ba, kuma washegari ya wuce gari na gaba.

Da la'asar baffa ya kira mahaifina zaure, muna ji daga tsakar gida. A ranar na tashi daga uwata na koma yarinyar nan. Ya ce ya ga abin da boko yake koyarwa, cusa kai cikin aikin maza da gyara wa manya magana. Ya ce akwatin da zan koma makaranta da shi a ɗaure, gobe in za a tafi suna a tafi da ni Kibiya in zauna wurin Inna, mahaifiyarsu, in koyi zaman gida, karatu ya isa haka. Mahaifina ya ce, "To, Yaya." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Mahaifiyata tana shafa min man kaɗanya a wuya. Wurin ya yi zobe, fatar ta saɓule ta gefe ɗaya. Ta ce ƙasa-ƙasa, "Baffanki fa shi ya aiko a kira ki." Amma ba ta da bakin faɗar haka a zaure. Ni kuwa da wayona na ɗauko takarda na rubuta duk abin da ya faru, shafi biyu, har da zanen bonet. Sai da na gama na tuna duk gidan ba mai karanta boko sai ni. Na zauna ina kallon hujjata, ni ce mai ƙara, ni ce kuma kaɗai mai iya karanta ta.

Ranar suna muka kama hanyar Kibiya da sassafe, ina kujerar baya da akwatina a kan cinya. Baffa ya sa an shimfiɗa wata darduma a kan bonet an ɗaure da igiya, wai ado. Ba wanda ya yi min magana har muka isa.

Kakata tana zaune a Kibiya tare da gwaggona. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin ido, ba ta da aiki sai goge tasoshinta na jan ƙarfe da toka da lemon tsami, ko jikokinta ba ta yarda su taɓa mata su. Da ta gan ni da akwati ta fara tsokana, wai takwara an koro ki ne, ko kin gama karatun kin zo ki koya min. Ban yi dariya ba. Ta dube ni, ta sa hannu ta janye zanen da na rufe wuya da shi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja ni ɗaki ta saki labule ta ce in faɗa mata. Muryar ta fara dawowa kamar ta mai raɗa, a haka na ba ta labarin, har da abin da littafin ya ce game da tufafi. Ta ce wannan wautata ce, za mu yi maganarta daga baya. Ta ɗauki sandarta.

An gama raɗin suna, maza suna ƙofar gida ana rabon goro. Tsohuwa ba ta da shamaki, ta ratsa su ta tsaya a gaban motar, ni ina leƙe ta bakin zaure. Ta ce a cire mata wannan dardumar, ba a masallaci take ba. Direba ya dubi baffa, baffa ya ce a cire. Ta kawo fuskarta dab da ƙarfen, ta bi kartar da yatsa tun daga fitila har tsakiya, sannan ta tsaya a kan ƙunar tana zagaya ta.

Ta ce, "Rauni biyu ne a nan. Wannan dogon, faɗuwa ce. Wannan mai zagayen kuwa, zama ne."

Baffa ya ce, "Inna, ai injin Turawa ne, ba ki san yadda yake ba."

Ta ce ba ta san inji ba amma ta san guga, tun ba a haife shi ba take goge tasa. Tasa in ta suɓuce ta faɗi lotsawa take yi ko ta karce. Ba ta cinyewa sai inda hannu ya nace ya ƙi matsawa. Ta nuna ƙananan zane-zanen da suka kewaye wurin ta ce wannan kuma yashi ne, ko 'yar shekara bakwai ta san ba a goge kwano sai an ɗauraye shi. Sannan ta juya ga direba.

"Malam, tana shaƙe ne ta zauna ta goge maka wannan?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce man ne bai dace da ranar ƙasar nan ba. Ta juya masa baya. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ga wuyanta?"

Ya hau gyara hularsa.

"Motar fa, sau nawa ka duba ta?"

Ya ce, "Inna, akwai baƙi, a bar maganar."

Ta ce za a bari. Amma ita ba ta aiki kowa ya kawo mata mai dafa tuwo ba, ƙafafunta biyu lafiya lau. A mayar da akwatin nan mota, kuma ranar komawa makaranta in ta ji an ce takwararta tana gida, da ƙafa za ta tako Rano. Baffa ya ce, "To, Inna," kamar yadda mahaifina yake ce masa.

Haka na koma makaranta. Direba bai rasa aikinsa ba, ba wanda ma ya yi masa faɗa a gabana. Baffa ya koma kirana uwata tun a hanyar dawowa, kamar ba abin da ya faru, kuma wallahi wannan ya fi ƙona min rai a kan fushinsa. Injin aka mayar cikin akwati, ban sake ganinsa ba. Ana saura kwana biyu hutu ya ƙare, haushi ya sa na fito da sassafe motar tana inuwa, na wanke ƙofar baya guda ɗaya da sabulu, na bar ta ta bushe, na ɗiga mai kaɗan a tsumma na goge ta da hannu, ɗan wuri bayan ɗan wuri, yadda littafin ya ce. Ta yi kore shar, har ina ganin fuskata. Baffa ya fito ya gani, ya kira direba ya sa masa albarka, ya ce ashe hannunsa ya fara faɗawa. Direban ya ce amin.

Yanzu in aka tambaye ni abin da na koya, ina iya lissafa na littafi: a wanke, a nemi inuwa, kar a danna, kar a tsaya, a fara daga inda ba a gani. Na kuma koyi cewa karanta gargaɗi daban, jinsa daban, tunda ni da na fassara wa mutane ni abin ya kama. Har yau ba na naɗa gyale a wuya, yafawa kawai nake yi, ko za a ce ba ni da kunya. In na je niƙa daga nesa nake miƙa kwano. Ko keken ɗinki aka taka a bayana ban sani ba sai na ji maƙogwarona ya ƙulle, ƙawayena suna min dariya, ni ma ina taya su don kar su tambaya.

Direba na daɗe da yafe masa. Tsoro ne ya sa shi ƙarya, kuma na san yadda tsoro yake. Mutanen da suka wuce ni ne ban san yadda zan yi da su ba. Ba baƙi ba ne. Na san takalmin kowa, na san wanda ya tsallake ni, a hannunsa na koyi alif da ba. Duk suna nan a unguwarmu, sun ƙara furfura, kuma duk lokacin da na je gida sai na durƙusa har ƙasa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, su ce Allah ya yi min albarka, yarinya mai ladabi.